Amsoshin Tambayoyinku: Inzayim ɗin da ƙwayar tarin fuka ke ƙera guwanin da shi

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon duk a kan tarin fuka suke, yawancinsu daga ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, shi ya sa muka gayyato masanin sinadaran jiki. Dakta, barka da zuwa.

Dakta: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wata ɗalibar haɗa magunguna ce a Zariya. Ta ce a aji an ambaci wani inzayim, wato furotin mai hanzarta sauya wani sinadari zuwa wani, mai suna IMPDH, an ce masu neman sabon maganin tarin fuka sun sa masa ido. Tana tambaya, mene ne aikinsa, kuma me ya sa shi aka zaɓa?

Dakta: To Malama, ki fara daga DNA. Tubala huɗu ake jerawa a gina shi, ana kiransu da haruffan A, T, G da C. Ƙwayar tarin fuka ba za ta rabu gida biyu ba sai ta kwafi DNA ɗinta kaf, kuma a shekarar 1998, lokacin da Stewart Cole da abokan aikinsa suka karance jerin nata, an ga tubala kusan miliyan 4.4 ne, kashi 65 cikin ɗari daga ciki G ne da C. Wato ita ƙwaya ce mai yawan buƙatar G, wanda ake kira guwanin. Ban da DNA, guwanin na cikin RNA, yana kuma cikin GTP, sinadarin makamashin da ake ƙonawa wajen haɗa furotin.

Ƙwayar tana ƙera nata da kanta. Hanya ɗaya ce doguwa take kaiwa ga wani sinadari mai suna IMP, a nan hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi A, ɗaya ta nufi G. Mai tsaron ƙofar hanyar G shi ne IMPDH. Yana karɓar IMP da NAD (sinadari mai karɓar haidurojin) da ruwa, ya fitar da XMP da NADH. Daga nan wani inzayim, GuaA, ya mayar da XMP zuwa GMP, wato tubalin G ɗin da ake nema. Matakin IMPDH ne ke ƙayyade saurin hanyar gaba ɗaya, in ya tsaya G ta yanke.

Akwai wani abu da ke rikita ɗalibai. A cikin DNA ɗin ƙwayar an tarar da gurabe uku masu kama da juna, wato sassan DNA masu ɗauke da umarnin ƙera furotin, aka sa musu guaB1, guaB2 da guaB3. Da aka gwada, guaB2 kaɗai ke yin aikin IMPDH, kuma in aka kashe shi ƙwayar ba ta tsirowa. Shi guaB1 daga baya aka gano aikinsa daban ne, GMP yake mayarwa IMP, wato komawa baya. Don haka in kin ga an rubuta GuaB2, IMPDH ɗin tarin fuka ake nufi.

Mai gabatarwa: Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje daga Kano ya ce yana ganin hotunan inzayim a intanet kamar murɗaɗɗen zare mai launi-launi. Yaya siffar wannan take, kuma ta yaya ake ganin abin da madubin likita ba ya nunawa?

Dakta: Ɗan'uwa, sarƙa ce ta amino asid 529, wato tubalan da ake gina furotin da su, ta naɗe ta zama dunƙule. Babban ɓangarenta kamar ganga yake: sanduna takwas a tsaye sun yi da'ira a ciki, murɗaɗɗun igiyoyi takwas sun zagaye su ta waje. A bakin gangar ake aikin. Kuma ba ya zama shi kaɗai, guda huɗu ne ke haɗuwa su yi murabba'i, kowanne kafaɗarsa na gogar ta maƙwabcinsa. Ka riƙe wannan maganar maƙwabtaka, za mu dawo kanta.

A gefen kowace ganga akwai ɗan ƙaramin ɓangare da ya leƙo waje, ana kiransa CBS. Shi ba ya taɓa IMP. Ma'auni ne: ATP, wani sinadarin makamashi, da GTP ke maƙalewa a jikinsa, ta nan inzayim ke sanin ko guwanin ya wadata a rage aiki. Ta wannan ɓangaren ne kuma murabba'i biyu ke iya kifuwa a kan juna su zama takwas.

Yanzu ga yadda aikin ke gudana a bakin ganga. IMP ce ke fara shiga. Amino asid na 341, sistayin, mai ɗauke da farar wuta, sai ya cafke ta a kan kabon na biyu. NAD ya zo ya kwanta a samanta, ya zare haidurojin, ya zama NADH, ya fita. A wannan lokacin abin da aka ƙera yana nan ɗaure da inzayim, bai saku ba. Sai wani ɗan murfi mai lilo ya faɗo cikin gurbin da NADH ya bari, ɗauke da amino asid biyu, ajinin da tayirosin, su ne ke zuga ruwa ya tsinke ɗaurin, XMP ta fita. Ka ga gurbi ɗaya ne ake karɓa-karɓa a kansa, NAD ya shiga ya fita, murfi ya shiga ya fita. Duk abin da ya zauna a gurbin nan ya ƙi tashi, ya kashe aikin. Sannan akwai ƙwayar fotasiyam guda da ke zaune a tsakanin maƙwabta biyu, kusa da sistayin ɗin, in babu ita aikin ba ya tafiya.

Maganar gani kuwa, ba da ƙwayar tarin fuka ake yi ba. Ana ɗaukar guaB2 a dasa a cikin bakteriyar E. coli, ita ta yi ta ƙera furotin ɗin, a fasa ta, a tace. Sai a ɗiga abin da bai wuce maikrolita ɗaya ba na furotin, a haɗa da ɗigo ɗaya na ruwan gishiri, a rufe a ajiye. Ruwa na ƙafewa a hankali, furotin na jeruwa, har ya zama ƙanƙara mai kusurwa kamar ƙwayar gishiri. A daskarar da ita a sanyin da ya kai digiri 173 ƙasa da sifiri, a haska mata hasken X mai ƙarfi. Yadda hasken ya tarwatse ne kwamfuta ke lissafawa ta fitar da matsayin kowane atom.

Inda gizo ke saƙa shi ne cikakken GuaB2 ba ya son narkewa, yana cuccurewa ya kwanta, kuma ɓangaren CBS ba ya tsayawa wuri ɗaya, abin da ke motsi kuwa ba ya jeruwa. Dabarar da aka yi ita ce a yanke CBS ɗin gaba ɗaya, a ɗinke wurin da amino asid biyu ƙanana. Guntun yana aikinsa lafiya lau a cikin kwalba. Da shi ne masu bincike a Argonne, kusa da Shikago a Amurka, tare da Lizbeth Hedstrom ta Jami'ar Brandeis, suka fitar da siffar a 2015. Wasu kuma a Cambridge ta Ingila sun yi amfani da inzayim ɗin wata 'yar'uwar ƙwayar mai jure zafi, thermoresistibile, domin nata ya fi saurin yin ƙanƙara.

Mai gabatarwa: Dakta, bari in sa baki. Mu ma ai muna da DNA. Ba mu da wannan inzayim ɗin ne?

Dakta: Muna da shi, Malam, har iri biyu, IMPDH1 da IMPDH2, kowanne amino asid 514. Na farkon yana da muhimmanci a ido, akwai ciwon ido na gado mai farawa da dundumi da ke fitowa daga lalacewarsa. Don haka maganin da zai toshe na ƙwaya ya toshe namu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Gurbin IMP kusan iri ɗaya ne a wurinmu da wurinta, ba a samun saƙo ta nan. Bambancin yana wajen NAD. Shi NAD dogo ne, kai biyu gare shi. Kan da ke karɓar haidurojin wuri ɗaya yake kwanciya a duka biyun. Amma ɗaya kan, mai adenin, a inzayim ɗin mutum yana kwanciya ne a cikin gangar da ake aikin. A na bakteriya kuwa lanƙwashewa yake ya shige wani ɗan aljihu da ke tsakanin ganga da maƙwabciyarta. Bangon aljihun nan, ɗaya alanin ne na 285 daga wannan gangar, ɗaya tayirosin ne na 487 daga ta kusa. Mutum ba shi da wannan aljihu a wannan siffar. Kusan duk sinadaran da aka samu masu kama na ƙwaya su bar na mutum, nan suke zura ƙafa. An fara gane haka ne ma a wata ƙwayar daban, kiriftosforidiyam mai sa gudawa, wadda inzayim ɗinta irin na bakteriya ne, daga can aka kwaso sinadaran aka gwada su a kan tarin fuka.

Mai gabatarwa: Wannan ta kawo mu ga wasiƙar wata baiwar Allah daga Kaduna. Ta ce an yi wa maigidanta dashen ƙoda, yana shan maikofenolet, kuma ta karanta a takardar maganin cewa IMPDH yake toshewa. Ko hakan na nufin ya samu kariya daga tarin fuka?

Dakta: Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Amsar ita ce a'a, akasin haka ma. Maganin nan tsoho ne, wani likita ɗan Italiya, Bartolomeo Gosio, ya fara ciro shi daga fumfunar masara a 1893, aka amince da shi don masu dashen ƙoda a Amurka a 1995. Inzayim ɗin mutum yake kamawa da ƙarfi, na bakteriya kuwa da ƙyar yake taɓa shi. Sojojin jini da ake kira limfosayit sun dogara ƙwarai da wannan hanya in za su hayayyafa, shi ya sa in aka toshe ta sai su lafa, jiki ya daina yaƙar sabuwar ƙodar. To su ɗin ne kuma ke tsare tarin fukan da ya kwanta a jiki shekara da shekaru. In suka lafa, yana iya tashi. Idan maigida ya yi tari na mako biyu, ko zazzaɓi da zufar dare, ko rama, a kai kakinsa gwaji ba tare da jira ba. In an tabbatar, lallai likitan ƙodarsa ya sani kafin a fara magani, domin rifamfisin, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana sa hanta ta riƙa ƙone magungunan dashe da sauri, ƙarfinsu ya ragu a jini. Kada kuma ya daina shan nasa da kansa.

Af, akwai wani maganin da mutanenmu suka sani da ke taɓa inzayim ɗin mutum, ribabirin da ake ba masu zazzaɓin Lassa. Shi a gurbin IMP yake zama bayan jiki ya sauya shi. Shi ma ba maganin tarin fuka ba ne.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibin digiri na biyu ya rubuto da ƙorafi. Ya ce ya samu inzayim ɗin, ya haɗa komai, ya sa a na'urar auna haske, layi ya miƙe shamɓal, ko motsi babu. Me ya lalace?

Dakta: Ruwa ba ya tsami banza, ɗalibi. Bari in faɗi yadda ake haɗawa, ka duba inda naka ya kauce. Abin da ake aunawa NADH ne, yana shan haske a nanomita 340, NAD kuwa ba ya sha. A kwalbar da faɗinta santimita ɗaya, in lambar ta hau da 0.062 a minti, an ƙera maikromola 10 na NADH ke nan. Ruwan da ake aikin a ciki: Tris, mai riƙe ma'aunin tsamin ruwa, milimola 50 a pH 8, fotasiyam kulorayid milimola 100, DTT milimola 1. Ka fara da IMP milimola 1 da NAD milimola 1, inzayim kuwa 'yan gomman nanomola sun isa, shi za ka zuba a ƙarshe, ka karanta mintunan farko kawai, lokacin da layin ke hawa a miƙe.

Abu na farko da zan tuhuma gishiri ne. Da yawa sukan ɗauko sodiyam kulorayid domin shi ke kusa, alhali fotasiyam inzayim ke so. Na biyu DTT. Sistayin na 341 in iska ta taɓa shi ya mutu, DTT ke kare shi, kuma DTT ɗin da aka narkar ya kwana biyu a kan tebur ya zama ruwa kawai. A haɗa sabo ranar aiki. Na uku sanyi: in wuta na ɗaukewa, firiza na narkewa tana sake daskarewa, furotin ya cuccure. Ka raba shi ƙananan kwalabe tun ranar farko, wanda ka narkar kada ka mayar. Na huɗu zafin ɗaki. pH ɗin Tris yana sauka da kusan 0.03 a kowane digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, in ka daidaita shi a ɗaki mai sanyi ka yi aiki a ɗakin da ya ɗara da digiri goma, pH ɗinka ya koma 7.7 ba ka sani ba. Kada kuma ka ce bari in ƙara NAD da yawa don ya yi sauri. In ya yi yawa, wani sabon NAD ke faɗawa gurbin kafin murfi ya rufe, aikin ya ja baya.

In layi ya fara hawa ka zo gwada sinadarai, akwai tarko uku. Sinadari mai launin rawaya yana iya shan haske a 340 da kansa, sai ka auna shi ba inzayim tukuna. Wasu kuma dunƙulewa suke su lulluɓe furotin, ka ɗauka toshewa ce ta gaske. Ɗigon sabulun Triton, kashi 0.01 cikin ɗari, yana tona asirinsu. Na ukun, E. coli ɗin da ka ƙera furotin a cikinta tana da nata IMPDH, in bai fita wajen tacewa ba, nata kake aunawa. Shi ya sa ake amfani da irin da aka cire wa nata guaB.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya taƙaita: duk wannan bayani, maganin ya fito ko bai fito ba?

Dakta: Bai fito ba, Malam. Dalilin kuwa ya fi komai daɗin ji a wannan fanni. A 2017 rahotanni biyu suka fito a mujalla ɗaya, kowanne da inda ya fuskanta.

Na farko daga Jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu, ɗakin binciken Valerie Mizrahi. Sun gwada sinadarai 15,344 a kan ƙwayar mai rai, suka samu ɗaya, VCC234718. Nanomola 100 ne ma'aunin ƙarfin kamunsa. Ba ya shiga sai IMP ta riga ta zauna, sai ya kwanta a kanta a gurbin NAD. Wannan hali ne mai kyau ƙwarai, domin in ka toshe hanya IMP taruwa take a baya, maganin da ke takara da ita a kan gurbi ɗaya sai ta ture shi, wannan kuwa taruwarta ƙara masa zama take. Amma da suka bar ƙwayar ta yi ta hayayyafa a gaban sinadarin, sai ga wadda ta bijire. Da aka duba, amino asid ɗaya tak ta sauya: tayirosin ɗin nan na 487, na maƙwabciya, ya koma sistayin. Bangon aljihun da muka dogara da shi don bambanta ta da mutum, shi ta rushe, inzayim kuma ya ci gaba da aiki. Duk da haka, da suka kashe guaB2 ta hanyar sarrafa DNA, ƙwayar ta kasa sa wa ɓera cutar. Suka ce wannan wuri ne da za a iya kai hari.

Na biyu daga cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ɗakin Clifton Barry da Helena Boshoff. Su sun tace fiye da sinadarai 100,000, suka samu nasu iri. A wurinsu ƙwayar wata dabarar ta yi: ta kwafi wani yanki na DNA mai gurabe 40, har da guaB2 a ciki, ta ninka shi, inzayim ya yi yawan da magani ba zai iya gamawa da shi ba. Sannan da aka ba ɓeraye masu cutar, sinadaran ba su yi komai ba, ko a sabon kamu ko a wanda ya daɗe. Kashewar a hankali take, sai magani ya yi awa 24 a sama da ma'aunin da ake buƙata ba tare da ya sauka ba, abin da ke da wuyar samu a jiki.

Ga kuma ƙofar baya. Ƙwayar tana da wani inzayim, Hpt, da ke tsintar guwanin da ya riga ya samu a waje ya mayar da shi GMP kai tsaye, ba ruwansa da IMPDH. Mutanen Cape Town sun ga cewa sai guwanin ya kai maikromola 125 ko fiye kafin wannan ƙofa ta cece ta. Mutanen Amurka kuwa suka auna huhun da aka yanko daga majinyata da dabbobi, har da ruɓaɓɓen naman nan mai kama da cuku da ke tsakiyar gyambon tarin fuka, suka samu milimola 0.5 zuwa 2. Ka lissafa, maikromola 500 zuwa 2,000 ke nan, ninki huɗu zuwa goma sha shida na abin da take buƙata. A ganina wannan awon ya fi gwajin ɓera nauyi, domin irin ɓerayen da aka saba gwaji da su ba sa yin wannan gyambo mai cuku kamar na mutum. Mai son ya ci gaba da wannan hanya, ko dai ya nemo abin da zai toshe Hpt a haɗa, ko ya nuna cewa guwanin ɗin da aka auna ba duka ƙwayar ke iya kaiwa gare shi ba.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe, daga wata ma'aikaciyar jinya a Sakkwato. A cikin magungunan da suke rabawa yanzu, akwai wanda ke taɓa ƙera tubalan DNA?

Dakta: A cikin huɗun farko babu, Malama. Aisoniyazid da etambutol bangon ƙwaya suke rushewa, rifamfisin kuma na'urar kwafar RNA yake tsayarwa, firazinamayid nasa aikin daban ne. Bedakwilin da ke cikin haɗin wata shida na tarin da ya bijire wa magani, injin ATP yake kashewa. Wanda ya taɓa wannan fanni shi ne tsohon nan PAS, da Jörgen Lehmann ya fito da shi a Suwidin a shekarun 1940. Ƙwayar ce ke ɗaukarsa bisa kuskure ta saka shi a hanyar ƙera folet, ya zama gubar da ke tsayar da inzayim DHFR, tubalin T ya yanke mata. Yanzu sai an rasa mafita ake komawa gare shi, saboda yana wahalar da ciki. Majinyatanki dai, wata biyu na magunguna huɗu, wata huɗu na magunguna biyu, kyauta ne a cibiyoyin DOTS masu kula da tarin fuka, kuma wanda ya ji sauƙi a wata na biyu shi ya fi buƙatar ki bi sawunsa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Dakta. Agogo ya cim mana. Akwai wasiƙa daga Kumasi a kan na'urar GeneXpert da yadda take gane tarin da ya bijire wa rifamfisin, da ita za mu buɗe shiri na mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.